Sunayen Araha a Kantunan Ingila: Wasiƙa Zuwa Ga Yayana

Assalamu alaikum Yaya. Da fatan kana lafiya, da iyali, da Hajiya, da harkokin kasuwa. Mu ma nan Mancesta lafiya ƙalau, sai sanyi da ya fara shigowa.

Na ga hotunan tallan da ka turo min, na takalma da jakunkuna da aka ce an zabge musu kashi 70 cikin ɗari, kana tambaya ko in saya maka a haɗa cikin kayan da za a aiko. Ban amsa nan take ba saboda maganar ta fi ƙarfin saƙon murya. Kai ɗan kasuwa ne. Ka san tayi, ka san albarka, ka san fuskar mai kayan da ya matsu da ta wanda bai ƙi ya koma da kayansa gida ba. To a nan babu ko ɗaya. Farashi a manne yake, yarinyar da ke karɓar kuɗi ba ta da ikon rage maka kwabo ko da za ku kwana kuna magana. Sai dai rashin tayi bai sa ciniki ya mutu ba. An riga an gama shi tun kafin ka shigo, an yi shi da kalmomi, an buga a takarda an liƙa. Wanda ya san kalmomin shi ke cin araha, wanda bai sani ba kuwa a kansa ake fanshe ragin da aka yi wa wasu.

Kalmar da aka koya mana a makaranta ita ce “cheap”. Za ka zaga manyan kantuna tun safe har yamma, da wuya ka gan ta rubuce a jikin kaya. Mutane na faɗinta a baki, suna rubuta ta a intanet in suna neman tikitin jirgi, amma mai kanti gudunta yake. Dalili kuwa kalmar na ɗauke da kaya biyu a kai ɗaya: sauƙin kuɗi da rashin aminci. In Bature ya dubi riga ya ce “it looks cheap”, kushe ta ya yi, yana nufin da ganinta ka san ba za ta yi ƙarko ba. In aka jingina kalmar ga namiji, marowaci ake nufi, ko da yake mutanen nan sun fi cewa “tight” ko “cheapskate”. In ga mace aka jingina ta, to zagi ne mai muni, ya taɓa mutuncinta.

Wata 'yar uwarmu mutuniyar Zariya, sabuwar zuwa, muna aiki tare a gidan kula da tsofaffi, ta ga wata Baturiya abokiyar aikinmu da sabuwar rigar sanyi. Matar ta faɗa mata nawa ta saya, ita kuma da zuciya ɗaya ta ce mata rigar “very cheap” ce. Abin da ke ranta shi ne irin namu na gida: kai, kin yi araha, a kashe lafiya. Nan take fuskar matar ta canza, ta ja zif ɗin rigarta har wuya ta wuce. Da “what a bargain” ta ce mata, da matar ta tsaya ta ba ta labarin kantin da ranar da aka yi ragin, wataƙila ma ta raka ta. Kuɗin rigar bai canza ba, amma ɗaya kalmar ta yabi wayon mai saye, ɗayar ta raina abin da ke jikinta.

Asalin kalmar ma ba na raini ba ne. A tsohon Turanci ciniki take nufi, ko kasuwa. Har gobe akwai titi a tsakiyar Landan, kusa da babbar majami'ar St Paul's, mai suna Cheapside, nan ce babbar kasuwar birnin a zamanin da. Layukan da ke kewaye da shi suna nan da sunayensu: Bread Street na masu burodi, Milk Street na masu madara, Wood Street na masu katako, da Poultry na masu kaji. Da na karanta allunan sai na tuna 'Yan Lemo da 'Yan Katako.

“Bargain” ita ce garaɓasa, kuma babu mai jin kunyarta. Mai kuɗi ma da alfahari yake faɗin ya samu. Abu ne mai daraja da ya faɗo hannunka ƙasa da kimarsa. In garaɓasar ta kai garaɓasa sai su ce “a steal”, wato kamar a ɓagas aka same shi. A hira za ka ji “dirt cheap”, araha kamar ƙasa, da “cheap as chips”, araha kamar soyayyen dankali, ko da yake tun da man girki da kifi suka hau bayan ɓarkewar yaƙin Yukiren a 2022, kifi da dankalin nasu ma ya daina zama abincin da talaka ke saya ba tare da lissafi ba. Akwai kuma tagwaye biyu da ya kamata ka rarrabe. “Cheap and cheerful” abu ne mai sauƙin kuɗi, ba na ƙawa ba, amma zai yi aikinsa. “Cheap and nasty” shi ne wanda Bahaushe ya gani ya ce araha ba ta ado.

Inda abin ya fi taɓa ni shi ne kayan abinci. Kowane babban kanti yana da kayan da ya buga wa sunansa: shinkafa, taliya, tumatirin gwangwani, sabulu, madara. Su ne mafi sauƙi, kuma kowane kanti sai da ya sha wahalar nema musu suna. Tesco ya fito da nasa a 1993 da sunan “Value”, cikin farar leda mai ratsin shuɗi da kowa ke ganewa daga nesa. A 2012 ya mai da shi “Everyday Value”, daga baya ya watsar da sunan gaba ɗaya, ya raba kayan ƙarƙashin sunaye masu kama da na wasu kamfanoni daban, irin su Stockwell & Co. Sainsbury's ya daɗe yana kiran nasa “Basics”, shi ma ya canza. Waitrose, kantin masu hali, “Essential” yake cewa. Asda ya sauya nasa a 2022 zuwa “Just Essentials” cikin leda mai ruwan ɗorawa shar, sai aka yi ta ce-ce-ku-ce, wasu na cewa launin na tona asirin mai ƙaramin ƙarfi tun daga ƙofar kanti, wasu na cewa ai ya sauƙaƙa wa mai nema ya gani. Duk wannan sauye-sauyen suna abu ɗaya yake nunawa: mutum na son ya sayi mai sauƙi ba tare da na bayansa a layi ya karanta aljihunsa ba. Ni ban ga laifin kantin da ya rufa wa mai saye asiri ba. A gida matar da ta sayi rabin kwano tana ƙulle shi a leda baƙa ta sa cikin hijabi, babu wanda ya san nawa ta auna. Nan kowa kayansa a fili suke bisa bel ɗin na'ura, yara kuma suna lura da ledar biskit ɗin juna a makaranta.

Su kansu kayan, yawancinsu lafiyarsu ƙalau. Gishiri gishiri ne, fulawa fulawa ce. Farasitamol na kanti, ƙwaya 16 a kwali, bai kai fam ɗaya ba, alhali mai sanannen suna ya ninka shi sau da yawa, kuma sinadarin da ke aikin ɗaya ne. Ba a dai sayar wa mutum fiye da kwali biyu a lokaci guda. Inda nake ganin bambanci shi ne ganyen shayi da sabulun wanke-wanke, waɗannan in ka sayi na ƙarshen araha sai ka zuba ninki biyu.

Kantunan Jamusawa biyu, Aldi da ya shigo ƙasar nan a 1990 da Lidl da ya biyo shi a 1994, su ake kira “discounters”, masu karya farashi. Kayansu ba su da yawan iri, sau da yawa a cikin kwalin da suka zo ake ajiye su, ma'aikata kaɗan, layi na gudu. A da mutane na ɓoye ledarsu. Da tsadar rayuwa ta kama, hauhawar farashi ta kai kashi 11.1 a Oktoban 2022, ta abinci kuma ta haura kashi 19 a Maris na 2023, sai manyan motoci suka cika filin ajiye motocinsu. A 2022 ɗin Aldi ya ture Morrisons ya zama na huɗu a girma. Yanzu har Tesco da Sainsbury's suna liƙa “Aldi Price Match” a wasu kayansu, wato mun daidaita da farashin Aldi. Kai da ka san kasuwa ka san abin da ake nufi in babban ɗan kasuwa ya fara rantsuwa da farashin maƙwabcinsa.

Abin da na fi dogara da shi ba kalma ba ce, ɗan ƙaramin rubutu ne a ƙasan takardar farashi, wanda ke faɗin kuɗin kilo ɗaya ko na giram 100 ko na lita. Doka ta wajabta wa manyan kantuna su rubuta shi. Shi ne mudun ƙasar nan. Da shi za ka gane cewa babban kwali mai “value pack” ko “family size” ba kullum ya fi ƙarami sauƙi ba, da shi kuma za ka kama kamfanin da ya rage nauyin kaya ya bar kuɗin yadda yake, abin da suke kira “shrinkflation”, mu kuma mu ce tauye mudu. Sun kuma iya fam goma ba kwabo: a rubuta 9.99 don ido ya tsaya kan tara. Abu ɗaya da zan yaba musu, harajin VAT na kashi 20 yana cikin kuɗin da aka rubuta, yawancin kayan abinci da tufafin yara ma ba a ɗora musu shi. Abin da ka gani shi za ka biya. 'Yan uwanmu na Amurka sai sun je wajen biya ake ƙara musu haraji.

Sai farashi biyu a takarda ɗaya. Na mai katin kanti, Clubcard a Tesco ko Nectar a Sainsbury's, da manyan baƙi, na wanda ba shi da kati kuma da ƙanana. Katin kyauta ne, ladansu shi ne su riƙa rubuta duk abin da kake saya. Hukumar da ke sa ido kan gasar kasuwanci ta binciki tsarin a 2024, ta ce mafi yawan ragin na gaskiya ne. Amma baƙon da ya sauka jiya, ko tsohuwar da ba ta iya waya ba, su ke biyan na saman, kuma su ne suka fi bukatar sauƙin.

Kalmar da ba ta taɓa yi min ƙarya ba ita ce “reduced”. Da yamma, bayan an tashi daga aiki, ma'aikaci zai fito da 'yar na'ura a hannu, yana ɗaukar kayan da ranarsu ta zo yana manna musu takarda mai ruwan ɗorawa da sabon farashi. Kafin ya gama mutane sun kewaye shi: tsoho da sandarsa, ɗalibi da jaka a baya, ma'aikaciyar jinya da kayan aikinta a jiki. Babu mai magana, babu mai kallon idon wani, kowa na bin hannun ma'aikacin da ido. Yana ajiyewa hannaye na miƙewa. Da safe ragin kaɗan ne, dab da rufewa kuwa burodin fam ɗaya da rabi kan dawo 'yan kwabbai. Ka san yadda masu tumatir ke karyar da kaya a 'Yankaba in rana ta yi sanyi, to shi ne, sai dai nan na'ura ce ke sallamawa. Mu naman ba ya yi mana tunda yawanci ba yankan Musulmi ba ne, sai mu ɗauki burodi, kifi, kayan miya da 'ya'yan itace, mu jefa a firiza. A nan ma akwai kalmomi biyu. “Use by” maganar lafiya ce, in ranar ta wuce ba a ci. “Best before” maganar ɗanɗano ce kawai, ana iya ci bayan ranar.

Shinkafa da mai da gari kuwa ba na sayensu sai a shagunan 'yan Pakistan na Cheetham Hill ko Longsight, buhu mai kilo 10, can kuma ake samun mahauta masu halal. Kayanmu na gida, doya da manja da kuɓewa da attarugu, suna shagunan 'yan Afirka na Moston Lane, kuma babu wata kalmar araha da ta shafe su. Doya ɗaya sai ka tsaya ka yi shawara. Ga wani abu da zan faɗa maka don kai ɗan kasuwa ne: in azumi ya gabato, manyan kantunan da ke unguwannin Musulmi rage kuɗin shinkafa da mai da dabino suke yi, da allon Ramadan a rataye. Ba don Allah suke yi ba, ciniki suke nema, na sani. Amma duk shekara in na gani sai na tuna yadda sukari da gero ke tashi a gida ana jibi azumi, kuma abin na yi min ciwo.

Yanzu ga takalmanka. Ka sake duba hoton da kyau, kafin 70 ɗin akwai 'yan ƙananan kalmomi biyu, “up to”. Ma'anarsu “har zuwa”. Wato a cikin kayan akwai waɗanda ragin nasu ya kai haka, ƙila 'yan ƙalilan, galibi lambar da ta yi wa kowa yawa ko launin da aka ƙi. Sauran kashi 20 ne ko 30. Ƙanwarta ita ce “from”, “daga”: in an ce daga fam 15, to wanda ke hoton ba shi ne na fam 15 ɗin ba. “Was” da “now”, da nawa ne yanzu nawa ne, ya dogara ga ko an taɓa sayar da kayan a tsohon kuɗin da gaske. Ƙa'ida ta hana ƙarya a nan, amma ba kowa ake kamawa ba, balle shafukan intanet da ba a san mai su ba. “RRP” farashin da kamfanin da ya ƙera ya ba da shawara ne, da shi kantuna irin su TK Maxx ke gwada nasu, kuma ba dole ne a ce wani ya taɓa biyansa ba. “Outlet”, irin Cheshire Oaks da ke kusa da mu ko Bicester Village ta wajen Oksfod, ana samun ragowar kayan manyan kamfanoni, amma wasu kayan don can ɗin aka ɗinka su tun farko, ba su taɓa shiga babban kanti ba.

Wadda za ka saurara ita ce “clearance”. Kayan da suka yi kwantai ne, mai kanti na son wurin don sabbi, ragin kuma na gaske ne. Lokacinsa sananne ne: daga 26 ga Disamba, ranar da suke kira Boxing Day, har cikin Janairu, sai kuma ƙarshen bazararsu, wajen Yuli da Agusta. Na biyun ya fi dacewa da kai, don lokacin ake zubar da takalma buɗaɗɗu da tufafi marasa nauyi, irin waɗanda zafin Kano zai karɓa. Black Friday da ake ta kururutawa a ƙarshen Nuwamba al'adar Amurka ce da ta shigo. Ƙungiyar kare masu saye mai suna Which? tana bin farashin kayan duk shekara, kuma abin da take ta samu shi ne mafi yawansu ana sayar da su a wannan kuɗin ko ƙasa da shi a wasu watannin.

Wani abu da ke sa mutanen nan saye ba fargaba shi ne mayarwa. Dokar 2015 ta ba mai saye kwana 30 ya mayar da kaya mai aibi a ba shi kuɗinsa, ko da a ragi ya saya, wata dokar kuma ta ba wanda ya saya ta intanet kwana 14 ya fasa ko ba aibi. Ba irin namu ba da ake rubutawa a rasit cewa kaya in sun fita ba sa dawowa. Sai dai wannan gatan na wanda ke nan ne. Kafin kaya su iso hannunka kwanakin sun ƙare.

“Budget” da “low-cost” da “no frills” na jiragen sama ne da otal. Ryanair da easyJet za su kai ka wata ƙasar Turai da kuɗin da wani lokacin bai kai na jirgin ƙasa zuwa Landan ba, amma kujera da 'yar jakar da za ta shiga ƙarƙashinta kawai ka saya. Akwati kuɗi ne, zaɓen wurin zama kusa da ɗanka kuɗi ne, ruwan sha kuɗi ne, filin jirgin kuma yakan yi nisa da garin da aka ambata. Mu da ba ma tafiya babu tsaraba, sai an haɗa lissafin duka kafin a san ko an yi sauƙi. A jirgin ƙasa “advance” da “off-peak” ake nema, saye tun da wuri da kauce wa lokacin cunkoso. Mutum biyu na iya zama kujera ɗaya kusa da ɗaya, wani ya biya ninki uku na ɗan uwansa.

Wadda ta fi ɓata min rai ita ce “affordable”. A bakin mutane tana nufin abin da aljihu zai iya ɗauka, kalma ce mai ladabi, babu raini a cikinta. Amma a harkar gidaje gwamnati ta ba ta ma'anar kanta. Tun 2011, hayar da ake kira “Affordable Rent” a Ingila tana iya kaiwa kashi 80 cikin ɗari na hayar kasuwa. A garin da haya ta riga ta fi ƙarfin ma'aikaci, cire kashi 20 bai mai da ita abin da zai iya biya ba. Gidajen ƙaramar hukuma su ne masu sauƙin gaske, layinsu na shekaru ne, mu masu bizar aiki kuma ba mu cikin waɗanda ake ba. Na san iyalai namu da miji da mata ke aiki dare da rana, haya da harajin gida da gas da lantarki su lashe fiye da rabin abin da suka samu. In aka kira irin wannan gida mai sauƙi, an cuci wanda ke cikinsa sau biyu, don an hana shi ko bakin kuka.

Nan ne kuma lissafin da ake mana a gida ke kuskurewa. Ana jin mafi ƙarancin albashi ya kai fam 12.21 a awa a Afrilun 2025, sai a buga da canjin naira a ce mun huta. Gaskiya ne madara da burodi da dankali da kaza suna da sauƙi in ka gwada da awar aiki. Duk abin da inji ya yi da yawa, araha ne. Amma duk abin da sai hannun mutum ya taɓa, wuta ne. Aski ɗaya yakan cinye awar aiki ko fiye. Rage tsawon wando a wurin tela ya kusa kuɗin sabon wando a Primark, kantin tufafi masu sauƙin kuɗi, shi ya sa suke jefarwa su sayi wani, shi ya sa kuma har gobe nake aiko da atamfofina a ɗinka min a gida. Mai gyaran famfo yana da “call-out charge”, kuɗin tako ƙafarsa kawai, kafin ya taɓa komai. Kitso da lalle kuwa sai dai mu yi wa juna. Ku a can kuna da tela da makaniki da mai gyaran waya da mai wanki a bakin layi, kowa kuma za ka iya ce masa duba min dai. Wannan arziki ne da ba a lissafa shi sai an rasa.

Masu irin waɗannan sana'o'i su ma suna da nasu kalmomin. “Competitive prices” a jikin mota ba ya nufin komai sai cewa kuɗinsu bai yi nisa da na saura ba. “Free quote” za su zo su duba su faɗi kuɗi kyauta, don haka akan kira biyu ko uku a gwada. Kalmar da nake kasa kunne in ji ita ce “reasonable”, kuma daga bakin maƙwabciya, ba daga allon talla ba. In Baturiya ta ce mai gyaran nan “very reasonable” ne, tana nufin ya yi aiki mai kyau bai zalunce ta ba, sai in karɓi lambarsa. Kishiyarta “rip-off”, cuta tsagwaronta.

Tayi bai mutu gaba ɗaya ba. Ranar Lahadi da sassafe akwai “car boot sale”, fili ne mutane ke zuwa su buɗe bayan motocinsu su baje kayan gidan da suka gaji da su. Can za ka ji daɗi, Yaya, don ana cewa “what's your best price?” ko “would you take a fiver?”, wato za ka karɓi fam biyar, mai kaya kuma ya sallama. Sai dai ba a raba kuɗi biyu a tayin farko yadda ake yi a Kwari, za su ɗauka raini ne. A Facebook Marketplace da Gumtree in ka ga “ONO” bayan farashi, mai kayan na cewa ko abin da ya yi kusa da haka, ƙofar tayi ke nan a buɗe. Gwanjo kuma ya samu sunayen girma: “pre-loved”, wanda wani ya taɓa so, da “vintage”, tsohon yayi da ya dawo, wanda wani lokacin ya fi sabo tsada. Shagunan ƙungiyoyin agaji irin su Oxfam da British Heart Foundation suna kusan kowane babban titi, kayan da mutane suka bayar sadaka suke sayarwa, ba a tayi a can don kuɗin na taimako ne. Abin da bai sayu ba akan sayar wa masu ɗaure dila a fitar da shi ƙasashen waje, ta irin wannan hanyar wasu dilolin ke isa Ƙofar Wambai.

Don haka takalman nan ban saya ba. Na shiga shafin na duba, lambobi 42 da 43 da kake so ragin kashi 25 ne kawai a kansu, kuma in ka ɗora kuɗin kago da ake caji kilo-kilo, da canjin da fam ke yi tun da aka saki naira a 2023, kwalliya ba za ta biya kuɗin sabulu ba, musamman da yake yawancinsu a Sin da Biyetnam aka yi su, kuma masu zuwa Guwanzu na kawo irinsu Kano kai tsaye. Abin da zai yi maka riba daga nan shi ne mara nauyi mai tsadar suna, wanda mai saye ke tsoron jabunsa a gida: turare, agogo, takalman fata na yara, jakunkunan mata. Ka turo min lambobi da launukan da suka fi tafiya a shagonka da iyakar abin da za ka iya biya kan kowane ɗaya da naira, ni kuma zan jira makon farko na Janairu in shiga da kaina, in ɗauki hoton takardar farashin in turo maka kafin in biya.

Ka gaida min Hajiya da kyau, ka ce mata man zafin da ta ce yana nan cikin kayan. A shafa min kan yara.

Ƙanwarka.